Daga Kafin Alƙalami Zuwa Amincewar Gwamna: Tambayoyin Shari'a a Cinikin Fili da Gida a Biranen Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tambayoyin da mai sayen fili ko gida ya fi kawo wa lauya ko alƙali a biranen arewacin Nijeriya, musamman Kano da Kaduna da Abuja. Hujjarta ita ce ciniki guda yana tafiya ne a ƙarƙashin dokoki uku a lokaci ɗaya: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da dokokin ciniki da aka gada daga Ingila, da fiƙihun Malikiyya. Abin da jama'a suke ɗauka a matsayin kammaluwar ciniki, wato biyan kuɗi da sa hannun shaidu, farkonsa ne kawai a idon doka. Maƙalar tana ganin cewa tsadar hanyar hukuma da tsawonta, ba jahilcin jama'a ba, su ne suka bar yawancin masu gidaje a waje.

Gabatarwa

Yadda ake cinikin fili a unguwanninmu sananne ne. Dillali ya kai mai saye ya ga wuri, a yi tayi, mai fili ya ce albarka, a ƙara, ya sallama. A ba da kafin alƙalami, a sa rana, a cika kuɗi a gaban shaidu. Mai unguwa ya sa hannu, wani lokaci har da hatimin dagaci, dillali ya karɓi la'adarsa, a yi fatiha a watse. Wannan tsari ba abin rainawa ba ne. Ya daɗe yana aiki, kuma yana da abin da ofishin gwamnati ba shi da shi, wato sanin mutane da tarihin kowace gona. Matsalar tana tasowa ne ranar da wani ya fito da takardar da ta fi wannan ƙarfi, ko magaji ya dawo daga tafiya, ko banki ya ce wurin yana hannunsa. A ranar ce mai saye yake yin tambayoyin da ya kamata ya yi tun kafin kuɗi su bar aljihunsa.

Me aka saya?

Tambaya ta farko ba kasafai ake yin ta ba, domin kowa yana ganin ya san amsarta. Sashe na 1 na Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978, ya danƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin 'yan Nijeriya. Abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama da amfani ne. A yankin da aka ayyana birni, gwamna ne yake ba da wannan haƙƙi, galibi na shekara 99 idan na gidan zama ne. A karkara, sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayarwa, har kadada 500 don noma da 5,000 don kiwo.

Ga mutumin kudu wannan doka baƙuwa ce, amma ga Arewa ba sabon abu ba ne. Shelar da Turawan mulki suka yi a 1910 kan ƙasa da haƙƙin 'yan ƙasa, da dokar 1916 da ta biyo bayanta, da Dokar Riƙon Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, duk sun tafi a kan cewa ƙasa tana hannun hukuma, mutum haƙƙin zama yake da shi. Dokar 1978 ta ɗauki tsarin Arewa ne ta shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. Tun kafin Turawa ma, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum yake keɓanta da ƙasa, abin da ke nuna cewa malaman daular Sakkwato sun ɗauki batun da muhimmanci.

Amfanin sanin wannan ga mai saye a bayyane yake. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama saboda bukatar jama'a, kamar hanya ko asibiti. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta gini ce da shuka da sauran abin da aka kashe a kan filin, ba ta darajar filin kansa a kasuwa ba. Wanda ya zuba miliyoyi a fuloti ya bar shi fayau, idan hanya ta bi ta kansa, zai iya tashi da abin da bai kai ko kusa da abin da ya biya ba. Saboda haka tambayar ko gwamnati tana da wani shiri a kan wurin tambaya ce ta kuɗi tsantsa, kuma a Kano ofishin hukumar tsara birane, KNUPDA, ne wurin yin ta.

Takardar mai unguwa da awon igiya

Ita ce tambayar da aka fi ji: ina da takardar ciniki da sa hannun mai unguwa, ta isa? Amsar tana da ɓangare biyu. Takardar hujja ce cewa an yi ciniki kuma an biya kuɗi, kuma idan mai saye ya shiga wurin ya zauna, kotu tana ba shi wani matsayi na adalci da zai kare shi daga wanda ya sayar masa da ma wanda ya sayi wurin daga baya yana sane da shi. Amma mai unguwa da dagaci ba su da ikon ba da haƙƙin zama a ƙarƙashin dokar 1978. Shaidu ne masu daraja, ba hukumar ƙasa ba. Takardarsu ba ta nuna ko gwamnati ta riga ta karɓi gonar ta biya diyya shekaru da suka wuce, ta yanka ta ta raba wa wasu.

Nan ne batun awon igiya yake shigowa. Unguwanni da yawa a gefen Kano, a ƙananan hukumomin Kumbotso da Ungogo da makamantansu, gonaki ne da masu su ko 'yan kasuwar filaye suka yanka da kansu suka sayar. Akwai wani sashe da ba a cika ambata ba. Sashe na 36 ya amince da haƙƙin wanda yake noma gonarsa a karkara tun kafin 1978, amma ƙaramin sashe na 5 ya hana yanka irin wannan gona fuloti-fuloti ko miƙa ta ga wani, kuma ƙaramin sashe na 6 ya ce takardar da aka yi a kan haka banza ce, ya kuma sa tarar Naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Idan kuwa gonar ta shiga yankin da gwamna ya ayyana birni, sashe na 34 ne zai hau kanta, shi ma da nasa sharuɗɗan. Dokar da dubban iyalai suke zaune a kan saɓa mata, hukuma tana gani tana kuma karɓar haraji a wurinsu, ta cancanci a sake duba ta. Ba talakan da ya sayi rabin fuloti don ya rufa wa iyalinsa asiri ne ya kamata ya ɗauki nauyin wannan giɓi ba.

A Abuja lamarin ya fi tsanani. Ƙasar babban birnin tarayya tana hannun gwamnatin tarayya ne, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Madu da Madu a 2008 cewa ministan birnin ne yake da ikon ba da fili. Takardar sarkin ƙauye a can ba ta kafa mallaka, komai yawan hatimin da ke jikinta.

Idan akwai satifiket fa?

Da yawa suna ɗauka cewa da zarar mai sayarwa ya nuna satifiket na gwamna, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa satifiket shaida ce ta haƙƙin da ake da shi, ba ta ƙirƙirar haƙƙi ga wanda tun asali ba shi da shi. Idan wani ya tabbatar da cewa ya riga mai satifiket samun haƙƙi a wurin, kuma ba a soke nasa bisa ƙa'ida ba, kotu tana iya rushe satifiket ɗin. Tun a 1976, a shari'ar Idundun da Okumagba, kotun ta zayyana hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa, takarda ɗaya ce kawai daga cikinsu. Sauran sun haɗa da tarihin gado, da ayyukan mallaka na tsawon lokaci, da daɗewa a wurin, da mallakar filin da ke maƙwabtaka.

Saboda haka bincike wajibi ne, kuma lokacinsa kafin biyan kuɗi. Lauya yakan nemi izinin duba fayil a ma'aikatar ƙasa ko hukumar da ke riƙe da bayanan filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Abin da ake nema shi ne: sunan da ke fayil ya dace da na mai sayarwa? An jinginar da wurin ga banki? An soke haƙƙin? Ana bin sa kuɗin ƙasa na shekara-shekara? An ba da shi don gidan zama ne ko don kasuwanci? Daga nan a ɗauki safiyo ya je ya tabbatar da cewa lambobin duwatsun iyaka da ke ƙasa su ne ke cikin taswira, domin an sha sayar wa mutum takarda sahihiya a nuna masa filin da ba nata ba. Idan kamfani ne mai sayarwa, a duba rajistarsa a hukumar rajistar kamfanoni. A leƙa kotu ko akwai ƙara a kan wurin, domin wanda ya sayi abin da ake shari'a a kansa hukuncin zai hau kansa.

Jihohin Arewa har yanzu suna aiki da dokokin ciniki na Ingila da suke nan kafin 1 ga Janairun 1900, kamar dokar 1874 ta mai saye da mai sayarwa da dokar miƙa kadara ta 1881. A ƙarƙashinsu mai saye yana da haƙƙin a nuna masa silsilar mallaka ta shekara 40. Ingila ta sauya waɗannan dokoki tun 1925, tsohuwar Jihar Yamma ta yi tata a 1959, mu kuwa muna nan a kansu. Asalin ƙa'idarsu shi ne nauyin dubawa yana kan mai saye, kamar yadda Hausawa suke cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ido zai gani da ya duba, doka tana ɗauka ya gani. Idan akwai mutane a cikin gidan, wajibi ne a tambaye su da wane matsayi suke zaune. A nan ne mai unguwa da maƙwabta suka fi kowane fayil amfani.

Gidan gado

A ganina babu inda mai saye yake faɗawa rami kamar gidan gado, kuma nan ne fiƙihu yake da magana mafi ƙarfi. Da zarar mutum ya rasu, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, abin da ya rage na magada ne gwargwadon rabon kowa, ko an raba ko ba a raba ba. Babban ɗa ba shi da ikon sayar da gidan don kawai shi ne babba. Rabonsa kaɗai ya mallaka. Cinikin da ya yi a kan rabon sauran ya rataya ne a kan yardarsu, in sun ƙi ya warware. Waɗanda aka fi mantawa da su su ne 'ya'ya mata da ke gidajen aure a wasu garuruwa, da matan mamaci masu tumuni, da marayu ƙanana waɗanda ba a sayar da rabonsu sai ta hannun wasiyyi ko da izinin alƙali. Mai saye ya nemi takardar rabon gado daga kotu, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, ya kuma ga kowane magaji ya sa hannu ko ya wakilta wani a rubuce. Jin kunyar tambayar ko akwai wata 'ya da ba ta zo ba ya jawo wa mutane da yawa asarar gida.

Sai shufa'a. Idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bayyana cewa wannan haƙƙi na abin da ba a raba ba ne, babu shi ga maƙwabci, kuma wanda yake gari yana sane ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa shi, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa. Mutane da yawa suna zaton maƙwabci yana da shufa'a. Wannan ra'ayin Hanafiyya ne. A shari'ar Alkamawa da Bello a 1998, wadda ta taso daga Sakkwato, Kotun Ƙoli ta ƙi ba maƙwabci wannan haƙƙi bisa mazhabar Malikiyya. Yi wa maƙwabci tayi kafin a sayar kyakkyawar ɗabi'a ce, amma rashin yin sa ba ya ɓata ciniki.

Hauzi kuma takobi ne a hannun wanda ya daɗe a wuri. Wanda ya riƙe gida shekara 10 yana gini yana rushewa, mai da'awa yana gari yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, ba za a saurari da'awarsa ba. Tsakanin 'yan'uwa wa'adin ya fi haka tsawo sosai, malamai suna kai shi shekara 40, saboda an san ɗan'uwa yakan kau da kai. Hauzi ba ya amfanar wanda ya shiga ta hanyar aro ko haya ko jingina. Wannan yana da muhimmanci ga mai sayen gona a gefen gari, domin mai sayarwa yana iya cewa tun kakansa suke noma ta, alhali jingina ce aka ba kakan, kuma jikokin mai ita suna da damar fansa.

Amincewar gwamna

Sashe na 22 ya hana mai haƙƙin zama na gwamna ya sayar ko ya jinginar ko ya miƙa shi ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar banza ne. Shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989 ta nuna kaifin wannan. Mutum ya jinginar da gidansa na Legas, wanda ya mallaka tun kafin 1978, domin wani bashi, da banki ya zo sayarwa sai ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba. Kotun Ƙoli ta ce sharaɗin ya hau har kan waɗanda suka riga dokar mallaka, jinginar ta rushe. Hukunci ne mai ɗaci, domin wanda doka ta ɗora wa neman amincewar shi ne ya ci ribar rashin nemanta. A 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta sassauta: ba laifi ba ne a ƙulla yarjejeniya a sa hannu kafin amincewa, sai dai cinikin bai cika ba har sai ta samu.

Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, tsakanin ranar biya da ranar amincewa yana rataye. Sunan mai sayarwa ne a fayil. Idan marar tsoron Allah ne zai iya sake sayarwa ko ya kai banki. Idan ya rasu, sai an bi magadansa. Saboda haka lauya mai lura yakan sa mai sayarwa ya sa hannu a takardar neman amincewa a zama ɗaya da takardar miƙa haƙƙi, ya karɓi asalin satifiket a ranar, ya kuma rubuta cewa za a mayar da kuɗi idan mallakar ta zo da matsala. Kafin alƙalami ma a rubuta matsayinsa: zai dawo idan ciniki ya fasa, ko ya tafi? Bayan amincewa sai biyan harajin hatimi, sai rajista. Rajista ba ta gyara mallakar da ta lalace tun tushe, amma tsakanin mutum biyu da suka saya daga hannu ɗaya, wanda ya riga yin ta ba tare da sanin ɗayan ba yakan sha gaba.

Don gudun wannan doguwar hanya ne takardar wakilci ta yi kasuwa, musamman a Abuja. Mai sayarwa ya naɗa mai saye wakilinsa a kan filin, wakilcin da ba a warwarewa. Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Ude da Nwara a 1993 cewa wakilci ba ya miƙa mallaka, izini ne kawai na yin aiki da sunan wani. Wanda ya tsaya a nan wakili ne a gidan da ya biya kuɗinsa.

Tambayar ko dole ne a ɗauki lauya gajeriyar amsa gare ta. Dokar aikin lauyoyi ta keɓe musu rubuta takardun miƙa kadara don a biya su, kuma takardar da mai shagon kwamfuta ya kwafo ya sauya suna ba ta san matsalar wannan fili ba. Lauyan mai sayarwa kuma ba naka ba ne. Idan ɗaya daga cikin masu ciniki ba ya karanta Turanci, dokar kare wanda bai iya karatu ba ta bukaci marubucin takarda ya sa sunansa da adireshinsa, a kuma nuna an karanta masa an fassara kafin ya dangwala. Dattijon da yake karanta ajami da Larabci malami ne, amma game da takardar Turanci wannan kariya tana iya shafarsa.

Abin da jihohi za su iya yi

Ana yawan cewa mutanenmu ba sa son rubutu. Ban yarda ba. Al'ummar da take karanta aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki, ba ta bukatar a koya mata darajar takarda, kuma ga takardun masu unguwanni nan a kowane gida. Abin da mutane suke gudu shi ne kuɗin amincewa da na hatimi da na rajista da ake lissafawa bisa darajar kadara, da watannin jira, da zirga-zirgar ofis. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya gane haka. A 2009 ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa majalisa ƙudurin rage wuraren da ake bukatar amincewar gwamna. Ƙudurin bai zama doka ba. Sashe na 315 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗaure dokar ƙasa ta yadda ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa.

Amma ba komai ne yake jiran Abuja ba. Sashe na 45 ya ba gwamna damar wakilta kwamishina ya sa hannu a madadinsa, kuma yawancin kuɗaɗen da ake biya jiha ce take yanke su. Jiha tana iya sa wa'adin da dole a amsa takardar neman amincewa a cikinsa. Tana iya yin kuɗi ƙayyadadde mai sauƙi ga ƙananan gidaje a unguwannin awon igiya. Tana iya buga takardar ciniki ta bai ɗaya da Hausa da Turanci mai lamba, a ajiye ta a wurin masu unguwanni, kwafi ɗaya ya riƙa zuwa ofishin ƙasa duk wata, ta yadda fili ɗaya ba zai sayu sau biyu a ɓoye ba. Kotunan shari'a kuma, duk lokacin da suka raba gadon da ya ƙunshi gida mai satifiket, a wajabta musu aika kwafin hukuncin zuwa fayil ɗin gidan, domin mai bincike ya ga sunayen magada duka, mata da ƙananan yara a ciki, kafin ya ba kowa ko kwabo.